Sabon Inji a Tsohuwar Faluka

Juma'a, 28 Fabrairu 2025

Na karɓi aikin. Maman Lina ta ce na haukace, kuma wataƙila da gaskiyarta.

Bari in rubuta yadda abin yake, don ran da na fara ƙorafi in tuna ba wanda ya tilasta ni. Injin falukar Baba Sulaimanu, jirgin ruwansa mai ƙyallen iska, ya mutu murus. Tun Disamba jirgin yake kan tudu, an ja shi waje ana toshe masa ramuka. Amjad mai marsa, inda ake ɗaure jiragen, ya ce duk jirgin da bai tashi da ƙafarsa ba ran Sham Nasim, bikin bazarar Masarawa, 21 ga Afrilu, zai ba wani wurinsa. Ba mugu ba ne, ranar ce rabin Alƙahira ke sauka bakin Nilu, ba zai bar gurbi ga gawa ba. Faluka da iska take tafiya, amma fita daga marsa da wucewa ƙarƙashin gada sai da inji, Baba kuma ya wuce shekarun tura jirgi da gora.

In jirgin ya rasa wuri, Baba ya rasa kogi. Saura zaman hawa na shida a unguwar Faisal wurin 'yarsa, yana kallon bango.

Shekara shida ke nan da na ji wani tsoho yana zagin igiya da Hausa a bakin ruwa, satina na biyu da kawo ni ofishin jakadancinmu in riƙa duba motoci da janareto. Baba ke nan. Kakanninsa sun bar Haɗeja a ƙafa za su Makka, suka tsaya a Sudan, bai taɓa ganin Nijeriya ba. Da Inna ta rasu a Wusasa ban samu zuwa jana'iza ba, shi ya ɗauke ni cikin jirgin nan kwana uku a jere, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Bai yi mini wa'azi ba, shayi kawai yake miƙo mini. Wannan nake tunawa.

Asabar, 1 Maris

Musulmi sun ɗauki azumi yau. Na buɗe tsohon injin, tsatsa da ruwa har cikin silinda. Baba ya tambaya ko da sauran rai. Na ce sai dai mu yi masa addu'a. Ya ce shekarar injin talatin da ɗaya, ya yi ƙoƙari, kada in ci mutuncinsa a gabansa.

Juma'a, 7 Maris

Sabtiyya, kasuwar ƙarafa. Na samu inji mai silinda biyu, na hannu, an ciro shi daga jirgin masunta. Mai shagon ya yi ta rantsuwa har na fara tsorata, don kayan kirki ba ya bukatar rantsuwa haka. Na sa ya tayar, na dafa hannu a kai, na saurara. Muryarsa a wanke, hayaƙin ba shuɗi ba. Shekara ashirin da bakwai ina wannan sana'a, inji bai isa ya yi mini ƙarya ba.

Na dawo gida ina fito. Maman Lina ta ce rabon da ta ga na yi wa wani abu irin wannan murmushin tun ranar da aka haifi Lina.

Asabar, 15 Maris

Mun fitar da tsohon injin. Bututun ƙarfe uku muka kafa a kan jirgin, muka rataya sarƙa, matuƙa huɗu na marsa suka kama duk da azumi a bakinsu. Ban roƙe su ba, ganin Baba kawai suka yi yana naɗe hannun jallabiya. Allah ya saka musu.

Sulafa, 'yar Baba, ta zo da kwanon buɗe-baki. Ta ja ni gefe ta ce, da ladabinta, ita da za a bar jirgin nan ya tafi da ta fi samun barci. Wai idonsa ba kamar da ba, jiya ya zuba sukari a gefen kofi. Na ce mata kowane tsoho yana zubar da sukari. Ta ce, "Kawu, kai inji kake kallo, ni shi nake kallo." Ban ji daɗin maganar ba. Yarinya ce mai hankali, amma ba ta san mutumin nan a kan ruwa ba.

Juma'a, 21 Maris

Sifana mai lamba goma sha bakwai ta faɗa ƙarƙashin inji, awa guda ina lalube. Fatar yatsu uku ta tafi. Wanda ya ƙera wurin zaman injin nan ba ya ƙaunar ɗan Adam.

Asabar, 29 Maris

Sabon ya zauna. Yau na haɗa shi da sandar farfela, wannan doguwar sanda da ke ratsa gindin jirgi ta fita cikin ruwa. A bakinta akwai faifan ƙarfe, a bakin giya akwai wani, dole su haɗu fuska da fuska, ko gashi kada ya shiga tsakani. Aikin da nake yi wa janareto ido rufe. Na auna, na sake aunawa, na ɗauko sifana zan ɗaure notuna.

Baba na zaune kan bokiti da carbi. Usta yake kirana, wato gwanin sana'a. Ya ce, "Usta, kada ka ɗaure. Bar su sako-sako sai ta sha ruwa."

Na tambaya wa zai sha ruwa. Ya ce jirgin. Wai katako a tudu daban, a ruwa daban. Na ce masa ƙarfe nake haɗawa da ƙarfe, ba ruwana da katako, kuma awo ba ya ƙarya. Har na nuna masa ma'aunin. Bai ko karɓa ba, ya ce tamam, shi ke nan, kai ne usta.

Na ɗaure su tam. Haushi ya sa na ƙara musu rabin juyi. Ina son tsohon nan, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ban taɓa koya masa karanta iska ba.

Litinin, 31 Maris

Sallarsu. Sulafa ta aiko mana da kahk, biskit ɗinsu na salla, cike da kwano, Lina ta cinye rabi kafin in dawo.

Juma'a, 4 Afrilu

Ta shiga ruwa! Da farko ruwa ya yi ta tsattsafowa ta tsakanin katakai, hankalina ya tashi, Baba ya ce ƙishi take ji, a bar ta. Na tayar da inji, na sa giya. Lafiya lau, ko kofin shayi bai motsa ba. Muka ɗan zaga gaban marsa muka dawo. Amjad ya ɗaga mini babban yatsa.

Ban ce wa Baba komai ba game da zancen notuna. Na dai tabbatar ya ji ina fito.

Juma'a, 11 Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun fita gwaji na gaske, ni da shi. Ina sa giya jirgin ya ɗauki rawa, kwanukan shayi suna tsalle, haƙorana suna haɗuwa. Na ce wataƙila leda ce ta naɗe farfela, na ƙara wuta. Kuskure na biyu ke nan. Kafin mu yi nisan jifa, ruwa ya fara shigowa ta inda sandar ke fita, ba tsattsafe ba, kamar an buɗe famfo. Na taɓa wurin, zafi kamar murfin tukunya. Na kashe. Ruwa ya ja mu, ina kwarfa da bokiti, wandona jiƙe har gwiwa, sai da wani jirgi ya jefo mana igiya ya ja mu gida. Gaban kowa. Amjad yana tsaye bakin marsa, hannu a baya, yana kallonmu, kuma na gwammace ya yi zagi.

Na kwance faifan na duba. Wurin da gashi ba ya shiga sati biyu da suka wuce, yau farcena ya shige. Jirgin ya sha ruwa, katako ya kumbura, gindinsa ya sake zama, ya tafi da sandar ya bar injina a inda na ɗaure shi.

Ina jira Baba ya ce ai na faɗa maka. Wallahi da ya faɗa da na samu sauƙi. Sai ya ce ma'alish, ba komai, shi ma a Sudan ya yi wa jirgin kawunsa haka, har ya sha mari. Ya ce a bar ta ta ƙara sati, ba ta gama sha ba. Na ce kwana goma ya rage. Ya ce ya iya ƙirga.

Asabar, 12 Afrilu

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo. Maman Lina ta ajiye mini kunu ta ce girman kai rawanin tsiya, ta koma kicin.

In wurin nan ya kuɓuce masa, da hannuna na yi.

Talata, 15 Afrilu

Na tsaya a marsa bayan tashi aiki. Na cusa sabon zaren toshiya a bakin sandar, wancan ya ƙone. Sandar ba ta lanƙwashe ba, na juya ta sau ashirin ina dubawa. Na gode wa Allah a fili har wani matuƙi ya ce amin. Sifana tana aljihuna, hannuna yana ƙaiƙayi, ban taɓa notunan ba.

Juma'a, 18 Afrilu

Juma'a Mai Kyau. Daga coci na wuce marsa da kayan aiki a leda.

Baba ya ce yau ta ƙoshi. Na sassauta ƙafafun inji huɗu, na ɗauko ma'aunina, sai ya ce in matsa. Ya durƙusa cikin ramin injin nan da gwiwoyinsa na tsufa, ya zagaya faifan da yatsa, fuskarsa tana kallon sama. Ya ce ɗaga hagu na baya, kaɗan. Na yanko gwangwanin tumatir na sa a ƙarƙashi. Ya juya sandar, ya sake shafawa, ya ce ƙara ɗaya. Haka muka yi har la'asar, shi yana faɗa ni ina yanka gwangwani, babban makanikin ofishin jakadanci. Da ya ce khalas, ya isa, na sa ma'auni a ɓoye don in gani. Daidai, ko'ina daidai.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ɗana, wa ya sayo injin? Wa ya bar fatarsa a ciki? Ɗaure, yanzu lokacinsa ne."

Na ɗaure. Dole na ɗan tsaya, don idona ya cika, kuma hannuna duk baƙin mai ne.

Asabar, 19 Afrilu

Awa biyu tana aiki a ɗaure, giya a ciki. Ba rawa. Ɗigo ɗaya-ɗaya a bakin sandar, yadda ake so.

Litinin, 21 Afrilu

Sham Nasim. Bakin kogi ba masaka tsinke, warin fasikh, kifinsu mai gishiri, da albasa ko'ina, yara da ƙwai masu launi. Maman Lina da Lina da Sulafa suka shiga da kulolinsu. Amjad da kansa ya kwance mana igiya. Da muka fita sumul ya ɗaga murya ya ce wurin na Ammu Sulaiman ne, wato Baba, mabruk, barka. Matuƙa suka yi ta tafi. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji irin na yau ba.

Muka kashe shi, Baba ya saki ƙyallen jirgin, iska ta cika shi. Yana zaune a baya riƙe da daffa, sandar juya jirgi, yana jin iska a kumatunsa yana gyarawa kafin ta sauya. Na kalli Sulafa don ta gani da idonta.

Da muka doso gada ya ce in tayar da inji, na tayar. Sai ya kira ni kusa, ya rage murya yadda matan ba za su ji ba.

"Usta, ƙafar gadar tana ina?"

Ga ta nan gabanmu, siminti kamar gida, rana tsaka. Na ce tana dama, muna nufarta. Ya matsa, ya kama hannuna ya ɗora a kan daffa, ya bar nasa a kan nawa. Ya ce in riƙa faɗa masa abin da nake gani, shi zai faɗa mini abin da ruwa ke yi. Haka muka wuce. Lina tana ta ɗaukar hoto, wai Baba yana koya wa babanta tuƙi.

Sulafa ba ta ɗauki hoto ba. Ta kalle ni, na kalli ruwa.

Alhamis, 24 Afrilu

Na je Faisal na samu Sulafa. Na ce mata ba zai sake fita shi kaɗai ba, ta bar wannan a wuyana. Ta ce za ta kai shi likitan ido bayan sati. Ta ba ni shayi, ba ta tuna mini da komai ba, halin gidansu ne.

Na gaya wa Maman Lina gobe ba na nan, jibi ma haka, da Juma'a da Asabar ɗin da ke biye. Ta tambaya har yaushe. Na ce sabon inji yana son a riƙa sauraronsa, ba a barinsa haka nan.

Ta ce to, ta sa mini hula a cikin ledar kayan aiki saboda rana.

Injin lafiyarsa ƙalau.