Ruwan da Baba Ya Saya Don Ya Bar Shi Kwance

Wurma, ta Kurfi
Maris, 1988

Zuwa ga Yayana Maniru, a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban-girma, ina roƙon Allah ya sa takardata ta same ka lafiya, ya kare ka daga sharrin injinan wurin aikinku, amin. Mu ma duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa, jar akuyarka kuma ta haifi tagwaye. Ka yi haƙuri da rubutuna, sauri nake yi don ɗoki. Ka san baki ba ya yi mini, sai alƙalami.

Yaya, ba mu gaya maka ba don kada hankalinka ya tashi, amma saura kaɗan a rufe lambun Baba. Tun da ya sa injin ban-ruwa a rijiyar lambu, rijiyar unguwa ta fara ja da baya, har guga ya koma fitowa da laka. Iya Rekiya maƙwabciyarmu ta daina gaisawa da Inna. In na bi ta ƙofar gidanta sai ta ɗaga murya wai ga 'yar masu inji nan, a ba ta hanya kada ta shanye randa. Ni dai sai in ja gyale in wuce, idona cike da ƙwalla. Daga ƙarshe dagaci ya ce in ruwa bai dawo ba kafin albasa ta nuna, inji ya yi shiru ke nan har abada.

Ana haka sai ga malamin gona daga Dutsin-Ma, Malam Bilya, a kan babur. Ta hudar zana na leƙa shi, dogo ne mai magana a hankali kamar mutanen cikin littattafaina, amma kada ka gaya wa kowa na faɗa. Ya ce akwai rancen gwamnati ta hannun ƙungiyar manoma, na masu inji irin Baba. Ba taki za a saya da shi ba, rabon ruwan wani za a saya a tabkin da ke gabas da lambu, a bar shi kwance, ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa zuwa rijiyoyi yana cike gurbin wanda inji ya zuƙe. Da Baba ya amince, zo ka ji dariya a dandali! Wai Malam Sada zai ci bashi ya sayi ruwa don kwaɗi su ji daɗi.

Ka tuna rabo mafi girma a tabkin na Baba Ilu ne, tsohon nan mai jigon ɗiban ruwa a gindin giginya, wanda yanzu jikokinsa ke ja masa. Da Baba ya je masa da maganar, ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Ya ce ubansa ne ya kafa jigon nan, kuma muddin yana numfashi wani ƙato ba zai tsaya a wurin ya ɗebi ko cikin ludayi ba. Baba ya dawo ko tuwo bai taɓa ba. Ni kuwa na rufe littafin da nake karantawa, don damuwar mutanen ciki ta zama wasan yara.

Ashe Baba, da kunyarsa irin tawa, bai faɗi cewa ba ɗiba zai yi ba, yana tsoron tsohon ma ya yi masa dariya. Inna ce ta tasa shi gaba ya koma. Da Baba Ilu ya ji, ya yi dariyar kuwa har da tari, ya ce lallai Sada zafin rana ya taɓa ka, amma tunda ba mai tsayawa a gurbin ubana, na sayar. Sharaɗinsa ɗaya, a bar jigon a tsaye. An bar shi, jikokin kuma Baba ya ɗauke su aiki a lambu.

Sai jira. Kullum da safe sai in tsaya a soro ina sauraren ƙarar guga a rijiyar unguwa. Shekaranjiya muna tankaɗe sai ga Iya Rekiya ta faɗo gidan ko sallama babu, da ƙwarya a hannu tana tangal-tangal. Ta dire ta gaban Inna, ta ce sha ki ji, matar mahaukaci, ruwan mijinki ya iso. Yaya, fari tas! Inna ta sha, Iya Rekiya ta rangaɗa guɗa, ni ma har na manta kunya na taya ta. Jiya dagaci ya aiko, ya ce inji ya ci gaba da aiki.

Na san fargabar lambun nan ba zai riƙe mu ba ce ta kai ka nesa. To ga shi ya tsaya. Baba ba zai taɓa ce maka ka dawo ba, amma fangalinka na bakin magarya ya hana kowa shukawa, ya gyara shi ya zuba taki, kuma yau da safe na gan shi yana ba shi ruwa, alhali babu komai a ciki.

Ka gaishe da Kawu Labaran da ya riƙe ka, da Gwaggo Yahanasu. Inna da Sakinatu autarmu suna gaishe ka, Baba Ilu ma ya ce a gaishe da ɗan mahaukaci. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri kafin a cire albasa.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Zaituna Sada