Ƙafa Uku a Aisin Sikeli

Makoda, Litinin

Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali, ya Bacirawa?

Yaya, aisin da ka turo, 'yar ƙwaƙwalwar nan ta sikeli mai ƙafafu, ba ta yi ba. Na sa ta a sikelin ƙungiyar manoma, ko sifili bai nuna ba. Na aiko maka tsohuwar ne ka kwafe abin da ke cikinta a sabuwa, don ta fara gajiya. A bayanta an rubuta 2532, kai kuma ka turo 2732! Ai ba ƙirga ƙafafu ake yi ba. Duk ashirin da huɗu ne, amma uku aikinsu daban: ta 18, ta 20 da ta 21. Ni da ban je makarantar koyon gyara ba na karanta wannan, kai mai shago fa?

An fara cirar gyaɗa. In babu sikelin nan, da na masu saye za a auna mana, abin da suka ce shi ke nan. Ni na ce wa dattawa su bar min gyaran. Turo min tsohuwar a motar Nababa.

Ƙaninka,
Naziru

Bacirawa, Laraba

Zuwa ga ƙanina Naziru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ka rage zafin baki. Irin 2532 ta ɓace a kasuwa. Ka ɗaga ƙafafun nan uku, ka sauya musu hanya da siririyar waya, in sha Allah za ta tashi. Ka gaishe min da Inna.

Naka,
Abdulrashid

Makoda, Juma'a

Yaya,

Sallama. Na yi, har na ƙona yatsa. Sikeli ya tashi yana zuba lambobi kamar mahaukaci. Malam Abdulmumini, shugaban ƙungiya, yana tsaye a kaina yana kallona kawai, wallahi gara ya zage ni.

Ba waya na tambaye ka ba. Ina tsohuwar?

Naziru

Bacirawa, Asabar

Naziru,

Assalamu alaikum. Ba zan ƙara ɓoye maka ba. Da na ɗora tsohuwar a na'urar kwafa, na yi kuskure na zaɓi 2732. Abin da ta karanto a hargitse yake, ban lura ba, shi na adana. Don in taimake ka ka samu biyu, na ɓare takardar da ke rufe 'yar tagar gilashinta, na sa ta a fitilar da ke goge abin da ke cikin aisi, in sake rubuta ta. Babu komai a cikinta yanzu. Na zaga Kano neman mai irin sikelin, ban samu ba.

Ka yafe min. Zan zo in yi wa dattawa bayani da bakina.

Yayanka,
Abdulrashid

Makoda, Lahadi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kada ka zo. Inna na cin kasuwa da matan mutanen nan, ba za a ce 'ya'yanta biyu suka lalata sikelin ƙungiya ba. Na riga na ce musu ni na lalata ta. Malam Abdulmumini ya karɓi makullin rumbun ƙungiya a hannuna.

Gobe masu saye za su iso da sikelinsu.

Ka huta lafiya.
Naziru