Tara Nata, Ɗaya Nawa

Al Qusais, Dubai
6 ga Oktoba, 2024

Yaya Bilqis,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Abban Dikko da yara. Ya jikin Umma? Ki ce mata man gwiwar yana cikin kayan Hajiya A'i. Ni ina nan unguwar Naif ina rubuta lambobin kwantena, aikin da na yi digiri biyu a kimiyyar siyasa dominsa.

"Na ajiye aiki, ran Asabar zan koma gida." Haka Daryna ta ce min ina tsaka da yanka albasa. Ita ce 'yar Yukren ɗin da muke gida ɗaya, nas ɗin da ke yi wa matan attajirai allurar kumbura leɓe, rabinsu ma 'yan Rasha. Wai wani asibiti ke neman ma'aikata a gabashin ƙasarsu, inda ake wuta.

Kin san ni. Na wanke hannu, na zauna na ba ta lacca. Na ce Rasha ta fi su mutane da makamai, masu taimakonsu kuma sun fara gajiya. Yaƙin nan ja zai yi ta yi, har ranar da manya za su zauna a otal mai sanyi, su ja layi a taswira daidai inda sojoji suka tsaya, a ɗauki hoto. To don me za ta kai kanta kafin ranar hoton?

Ta bari na gama, ta ce wataƙila haka za a yi. Sannan ta ba ni labarin da shekara biyu ba ta taɓa ba ni ba. Wata shida garinsu ya yi a hannun Rashawa, ba harbi, gari tsit. Babanta hedimasta ne. Aka kawo masa sababbin littattafai masu cewa babu wata ƙasa Yukren, ya ƙi raba wa yara. Da silifas ɗin gida suka tafi da shi. Sai bayan an ƙwato garin aka tono shi a daji.

"Shirun da kike kira zaman lafiya, mun zauna a cikinsa," in ji ta. "Kuma gwaggona tana bayan layin naki."

Ban ji komai ba, Yaya. Na tashi na ƙarasa miya.

Jiya da za ta tafi na sayo mata furanni, goma cif, tunda Turawa na son abin. Ta ƙirga da yatsa, sai ta yi dariya. Ashe a wajensu cika na matattu ne, biyu ko huɗu ko goma, kabari ake kai wa. Mai rai sai mara. Duk karatuna, gawa na yi wa rakiya. Ta zare ɗaya ta miƙo min, ta ce tara nata, ɗaya nawa, kowa na da rai, khalas, shi ke nan. Ta ja akwatinta.

A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Mahfuza

Al Qusais, Dubai
14 ga Disamba, 2024

Yaya Bilqis,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Na ji daɗi da Umma ta fara takawa har masallaci. Yajin ya iso, Allah ya saka da alheri. Daryna na roƙa wa, don a saƙonta na ƙarshe ta ce sanyi ya fi bama-bamai damunta.

Yau kwana goma sha tara saƙona bai shiga wayarta ba. Makami ya faɗa asibitin. An fitar da sunayen mutum huɗu da suka mutu, babu nata. An fitar da na waɗanda aka kwashe, nan ma babu. Halyna, abokiyar aikinta ta nan, ta ce haka kan faru, wani ya ɓullo bayan wata uku, wani ba ya ɓullowa.

Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa aiki. A rediyo masana na ta maimaita laccata, kusan kalma da kalma. Kashewa nake yi.

Mai gida ya ba wasu 'yan Filifin ɗakinta, gobe za su tare. Kayanta kwali ɗaya ne.

Yau da la'asar matan Yukren na nan za su taru su ajiye furanni don ma'aikatan asibitin. Halyna ta ce in zo, kuma a hankali ta ƙara da cewa bibbiyu ake kawowa. Na ce na sani.

Goma mai shagon furanni yake ɗaurewa. Da na shigo gida na zare ɗaya zan sa a kofin da nawa busasshe da ta ba ni yake, sai na ga za su zama biyu. Na jefa shi a jaka. Na san camfi ne, Yaya, rai da mutuwa na Allah ne, kada ki faɗa wa Umma. Amma sau uku na ƙirga na hannuna.

Za su kalle ni, su ce baƙuwa ba ta san al'ada ba. Su ce.

Ki gaida Umma, ki sa Daryna a addu'a, cikin masu rai. Na rufe ƙofar ɗakinta, bari in fita da tarana.

Ƙanwarki,
Mahfuza