Ta Sa wa Agogon Kawu Batir

Malama, ki taimake ni da shawara, don abin nan ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, na yi ritaya. Ba abin da nake sha'awa kamar tsofaffin agogunan aljihu, masu murfi da sarƙa. Na tara su a akwati, ina kwance su in goge in ɗiga musu mai, da ɗan hantsakina da madubin da nake maƙalawa a ido. 'Ya'yana har tsokanata suke yi, wai na fi sanin lafiyar agogo a kan tasu. A cikinsu duka babu kamar na kawuna wanda ya riƙe ni, ma'aikacin jirgin ƙasa, Allah ya jiƙansa. Da ɗan makulli ake murɗa shi ta baya. Kowace safiya kafin in karya sai na murɗa shi na kara a kunne, yadda na ga Kawu yana yi.

Gaskiya agogon yana da hali. Latti yake yi, in an yi sanyi ya tsaya, in ka kwantar da shi rigingine ya yi fushi. Ni kuwa kullum cikin mita nake, ina cewa ya ishe ni, wata rana sai na jefa shi rijiya. Amma ai ba har zuci ba ne.

Watan jiya aka kwantar da ni aka yi mini aikin ido. Ranar da aka cire bandeji, maiɗakina ta miƙo mini agogon a naɗe cikin hankici, tana ta murmushi. Ashe ina kwance ta ɗauke shi ta shiga kasuwa, da ciwon gwiwarta, rumfa rumfa, har ta samu wani mai gyara ya kwashe kayan cikin ya sa masa na batir. Ta ce yanzu na huta da murɗawa, na huta da latti. Na kara a kunne, Malama, ba muryarsa ba ce. Amma na ce na gode, Allah ya yi albarka.

Tun daga ranar duk baƙon da ya shigo sai ta ba shi labari. Ni kuma na zama kamar bebe a gida, har tana tambaya ko idon ne yake damuna. Lokacin agogon daidai yake, ko daƙiƙa ba ya kuskurewa, kuma na tsane shi. Da safe sai in ɗauki makullin in rasa abin yi da shi.

Ga inda matsalar take. Ina son kayan cikin su dawo, kuma ita kaɗai ta san rumfar da ta kai. Na zaga kasuwar a ɓoye ban dace ba. In na tambaye ta, za ta gane kyautarta ta zame mini ciwo, kuma matar nan ba ta taɓa yi mini abu da zumuɗi irin wannan ba. In na yi shiru kuwa, na rasa abin Kawu. Yaya zan yi?

Naki, Mai Makulli Ba Agogo

Malam Mai Makulli, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙin idon.

Zafin da kake ji gaskiya ne, kada wani ya ce maka ai ƙarfe ne kawai. Abin da hannun kawunka ya murɗa shekara da shekaru shi aka cire, aka bar maka ƙwanso. Kuma ita ma ta yi kuskure, ba a kai kayan mutum gyara bai sani ba.

Amma bari in ɗan ja kunnenka. Kai ka yi ta kuka da agogon nan a gabanta, ita kuma ta saurare ka, abin da mata da yawa suka daina yi wa mazansu tuntuni. Ka taɓa zaunar da ita ka buɗe murfin bayansa ka nuna mata abin da ke bugawa a ciki? Ka taɓa gaya mata cewa lattin ma so kake? Mitar ka ba ta, son kuwa ka kulle a akwati, sai ta yi aiki da abin da ta ji.

Yau za ka yi magana, ba gobe ba. Masu gyara ba su cika zubar da irin waɗannan kaya ba, a gwangwani suke tarawa, amma suna tsintar ɗan ƙarfe mai haƙora nan, naɗaɗɗiyar waya can, su gyara na wasu. Duk kwanan da ka ƙara ana iya rage wani abu. Shirunka ma ba ya kare ta, ga shi har ta fara zaton ciwo ne. Ranar da ta gane da kanta, kunyar baƙin da ta ba labari za ta fi ta yau zafi.

Ka fara da gwiwar da ta taka dominka, ka gode mata tsakani da Allah. Sannan ka gaya mata gaskiya a fili, cewa kana kewar tsohuwar muryar, kuma laifin rashin bayani naka ne. Za ta ji babu daɗi, wataƙila ta yi kuka ko ta yi maka faɗa, ka daure. Ka roƙe ta ta raka ka rumfar, kada kuma ka ci mutuncin mai gyaran a gabanta. In kun samu kayan, ka naɗe su a takarda mai tsabta, ban da auduga mai barin zare, ka kai wa wanda ya san tsofaffin agogo ya duba ko an yanke wani abu wajen sa batir. Ka shirya ranka, ba lallai ya koma yadda yake ba.

In kuwa Allah ya sa ya sake bugawa, safiyar farko kada ka murɗa shi. Ka miƙa mata makullin, ka nuna mata yadda ake murɗawa da inda ake tsayawa, ta kara a kunnenta ta ji abin da ka daɗe kana ji kai kaɗai.

Allah ya sa ku same su, ya bar ku tare cikin lafiya.