Addu'ar Kaka da Latinanci

Toronto, 9 ga Nuwamba

Yaya Odile,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, kada Mama ta ji.

Kin tuna ranar da zan taho karatu, Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Aurèle, shekara saba'in ina addu'ar nan da Latinanci, ban san me nake faɗa wa Allah ba. Ka koyo ka faɗa mini."

Da na iso na tambayi malaminmu wane harshe zan fara koya. Ya ce, "Saurin me kake? Fara da tsohon Girkanci, shi ne mai wuya. Latinanci ba inda za shi." Don kada a ce mini ɗan ƙauye, na bi.

Da gaskiyarsa, Latinanci bai je ko'ina ba. Kaka ce ta tafi.

Bana na fara shi. Sati shida kacal, Yaya, na gane addu'ar kaf. Sati shida!

Ki aiko mini safar ulu. Fassarar tana cikin ambulan nan. Ki karanta mata a kabari, da ƙarfi, kin san kunnenta.

Ƙaninki,
Aurèle