Tun Da Aka Sa Makarantarmu a Rukunin Ja

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke auna ƙoƙarin makarantun gwamnati, Dutse.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Hajara Musa, shugabar makarantar firamare ta wani ƙauye a yankin Miga. Shekarata goma sha bakwai ina koyarwa a nan, biyar daga ciki ina shugabanta. Na rubuto maka sau biyu ban ji amsa ba, shi ya sa wannan karon na rubuta a fili.

Ga mai karatun da bai sani ba: kwamitinku yana gwada yara, ya duba rajista, sannan ya kasa makarantu kashi uku. Kore na masu ƙoƙari, rawaya na tsaka-tsaki, ja na waɗanda suka gaza. An gaya mana ja ba hukunci ba ne, alama ce ta inda za a fara kai taimako. Mu ja muka samu. Ga yadda abin ya kasance.

Na farko, ranar gwaji. A daminar shekarar da aka yi gwajin, ruwa ya ci rabin garinmu. Iyalai suka tare a ajujuwanmu da buhunan gero da awaki, suka yi kusan wata biyu. Ni na ba su makullai, kuma ko yau aka sake zan bayar. Ba su fi mako guda da tashi ba masu gwaji suka iso. Na nuna musu baƙin hayaƙin girki a bango, na nuna musu littattafan da suka jiƙe suka manne da juna. Babbansu mutumin kirki ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, na gani da idona, amma fom ɗin ba shi da inda ake rubuta ambaliya." Yaran da iyayensu ke can wajen dangi a wasu garuruwa aka sa musu sifili. Waɗanda suka zo suka rubuta a kan gwiwoyinsu.

Na biyu, taimakon da aka alkawarta. An kira mu bita ta kwana uku a Dutse. Mu uku muka tafi, muka bar malamai biyu da ajujuwa shida. An koya mana cika takardar tsarin gyara, kuma tun daga lokacin ina cika ta duk wata. Ban san wanda ke karantawa ba. Bayan nan sai takardar canjin Malam Sani ta zo. Shi ne malamin lissafinmu, mutumin da ke koyar da rabawa da marafan kwalba har yaro ya gane ya yi dariya. Ya ci gwajin malamai da kyau, sai aka mayar da shi wata makarantar kore wajen Kiyawa, wai a ƙarfafa ta ta zama abin koyi. Ba a turo kowa a madadinsa ba. Ranar da zai tafi ya ajiye mini buhun marafan a ofis. Na sa hannu a takardarsa, na koma aji na ci gaba da darasin da nake yi. Yanzu ni ke haɗa aji biyar da aji shida a ɗaki ɗaya ina koya musu lissafi.

Na uku, kuma shi ya fi tsaya mini. An karanta sunayen makarantun ja a rediyo. Ina tsakar gida ina tsinke zogale na ji sunan tamu. Washegari Baba Arɗo ya zo, dattijon rugar da ke bayan gari. Shekara uku na yi ina zarya wajensa kafin ya yarda ya ba mu yaran rugar. Cikinsu akwai jikarsa Dije, 'yar aji huɗu, wadda ta fi kowa karatu a ajinsu. Ita ke karanta masa rubutun jikin kwalbar maganin shanu. Ya gaishe ni cikin mutunci, ya ce, "Malama, gwamnati da bakinta ta ce ba a koyon komai a nan. Ni ban isa in ƙaryata ta ba. Yaran za su koma kiwo." Na ce, "Baba, ai ka ji karatun Dije da kunnenka." Ya ce ya ji, amma waɗanda suka auna sun fi shi sani. Na raka shi bakin ƙofa. Masu hali kuma suka mayar da nasu yaran zuwa makarantar garin gaba, suna bin babur kullum safe.

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauka da fushi nake rubutu. Fushin na yi shi a watannin farko, ya wuce. Yanzu ina zuwa in buɗe makaranta, in kira suna, in sa alama a gaban wanda bai amsa ba, in tashi yara idan lokaci ya yi. Maigidana ya tambaye ni makaranta, in ce lafiya. Ban ce makarantarmu ba ta da laifi ba. Akwai yaran aji uku da ba sa iya haɗa baƙi, na san su da sunayensu tun kafin ku zo. Abin da na gani kawai shi ne, kafin a sa mana ja muna da malamin lissafi da yaran ruga, yanzu ba mu da su.

Roƙona kaɗan ne. A buɗe gurbi a fom inda shugabar makaranta za ta rubuta abin da ya sami garinta kafin gwaji. A dawo mana da Malam Sani, ko a turo wani. A kuma aiko mutum ɗaya daga ofishinku ya je rugar Baba Arɗo ya gaya masa abin da ja ke nufi, domin daga bakinku ya ji, daga bakinku kaɗai zai yarda.

Takardar gwaji na gaba ta iso. Yaran da suka rage za su zauna su rubuta, na kuma san abin da zai fito. Idan ya fito, a rubuto mini a ambulan da sunana. Zan karanta, in sa hannu, in mayar. Kada a sake faɗa wa iyayen kafin a kawo abin da aka ce za a kawo, domin waɗanda suka rage ba su da yawa.

Allah ya yi maka jagora a aikin da aka ɗora maka, ya raya maka zuriya, ya sa 'ya'yanka su sami malaman da za su daɗe da su.

Wassalam, daga mai girmama ka,
Hajara Musa.