Safar Baban Yara

Litinin, 3 ga Nuwamba
Safar kasuwa ta sake yi wa Baban yara shata a ƙwauri, har fatar ta tsage. Nas ta ce mai ciwon suga ba ya sa abin da ke matse ƙafa. Ni zan saƙa masa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Na je shagon zare. Na ɗauko mai kauri don in gama da wuri, tsohuwar mai shagon ta ƙwace. "'Yar nan, wannan na hula ne, zai goge masa fata." Ta ba ni siririn ulu mai laushi, da tsinken saƙa lamba biyu da rabi. Fari ta ce in ɗauka, don in ciwo ya yi ruwa in gani. Ban so jin wannan ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Safar ta ƙi shiga. Ƙafar dama ta ƙara kumbura. Na warware, na koma lamba uku. Yana kallona daga gado ya ce, "Maman yara, giwa kike saƙa wa?" Babban yatsan ya yi baƙi, kuma ya san na gani.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Ta hagu ta kammala. Dunduniyar ta karkace, oho.

Laraba, 19 ga Nuwamba
Asibiti. Likita ya ce za a yanke daga ƙasan gwiwa. Direban babbar mota, ƙafar dama. Abin da Baban yara ya tambaya kawai: wa zai gaya wa mai motar?
Ina zaune a baranda, safar dama na cikin jakata, saura yatsu.

Asabar, 22 ga Nuwamba
An yi. Yayata ce ke tsayawa in za a wanke ciwon. Ni fita nake yi, wai zan ɗebo ruwa.

Talata, 16 ga Disamba
Mun dawo gida. Ya ce wurin na jin sanyi, har yatsun da babu su. Ya ja bargo da sauri don kar in gani. Na ɗage bargon. Na auna da tafin hannuna, faɗin ya fi yadda na zata, kuma da ɗumi. Ya juya fuska bango.
Safar wurin za ta ci tsinke lamba uku da rabi, saƙa sakwa-sakwa, ba dunduniya. Na daɗe da gama awon kafin in tuna ban ɗauke hannuna ba.